Yatsu Huɗu a Jikin Kwali

Ku matso kusa. A rage fitilar nan, tana haska mini fuska kamar ɓarawon da aka kama. Ni da na zo da labari, ni aka bai wa tabarmar da ta yage, shayin ma sai da ya huce aka tuna da ni. Ba komai. Haka ake yi wa masu baiwa a gidan nan. Wanda ya san ba zai iya barci ba ya tashi tun yanzu, don ba zan raka kowa bayan gida ba.

A Sharaɗa, can ƙarshen layin kamfanoni inda kwalta ta ƙare, akwai wata masana'antar kwali. Ba zan faɗi sunanta ba. A cikinta akwai inji guda, dogo, in kana wannan kai ka kira wanda ke wancan kai sai maƙogwaronka ya yi zafi. Kuma mutum ɗaya tak injin nan yake jin maganarsa. Haladu.

Haladu kyakkyawan mutum ne, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Dogo, ga gashin baki kamar an zana shi da alƙalami, ga tafiya ta isa. Shekara ashirin da biyu yana kan injin nan. Da kunne yake gane ciwonsa. Amma kun san mutane, ba sa yaba gwani sai ya mutu.

Ku da kuke cinye taliya ku jefar da kwalin, ba ku san wahalar da ke ciki ba. Gobe ku yaga gefen wani ku duba. Takarda uku ce: ta sama, ta ƙasa, da ta tsakiya mai lanƙwasa kamar kwanon rufi. Ita ta tsakiyar, wasu rola biyu masu haƙora ne suke tauna ta da zafin tururi, ta fito a lanƙwashe. Sai wata rolar ta shafa mata gam a kan kowane tudu, gam ɗin da ake damawa da sitacin rogo kamar koko. Ta sama da ta ƙasa su manne, su bi ta kan faranti masu zafi su bushe, wuƙa ta yanka. Shi ke nan, kwali.

Tururin kuwa daga wata ƙatuwar tukunya yake zuwa, a bayan ginin. Ita tukunyar nan lokaci-lokaci dole a buɗe mata famfo ta zubar da ruwan zafi mai datti. Ruwan ya bi bututu, ya faɗa kwata, kwatar ta wuce ta gindin wani kututturen tsamiya da aka sare tun lokacin da aka gina wurin.

To, wanda ya koya wa Haladu aiki, wani tsoho Baba Nomau, yana da doka guda. Kafin ka buɗe famfon nan, ka ɗauki sifana ka buga bututun sau uku. Ka ɗaga murya ka ce, "A kauce, ruwan zafi!" Ka ja numfashi goma. Sannan ka yi bisimilla ka buɗe.

"Wa zai kauce, Baba? Ƙadangare?" in ji Haladu, tun yana sabon shiga.

"Kai dai ka faɗa," in ji tsohon.

Haladu ya yi ta faɗa shekara da shekaru, yana faɗa yana jin kunya. Babban mutum kamarsa, yana yi wa kwata sallama. Har Baba Nomau ya tsufa ya koma ƙauyensu, har labarin rasuwarsa ya zo.

Ana nan sai Haladu ya ga wata na'ura a wani kamfani. 'Yar ƙarama, da batirinta, a ɗaura ta a kan famfon, duk minti arba'in ta buɗe da kanta ta rufe da kanta. Wata uku yana bin Manaja Tukur, har gida, har wurin ɗaurin aure, sai da aka sayo ta. Ranar da aka ɗaura ta ya tara ma'aikata, ya rataye tsohuwar sifanar Baba Nomau a ƙusa, ya kaɗe hannu.

"Zamani ya zo," ya ce, ya yi dariyarsa mai daɗin nan.

Sati biyu lafiya lau.

A sati na uku mota guda ta kwalin sabulu ta dawo. Mai sabulun da kansa ya biyo ta. A tsakar fili ya ɗaga kwali ɗaya sama, gindin ya buɗe, sabulai suka zube a ƙafar Manaja. Aka ɓare kwalin aka duba. Takardar sama ta rabu da ta tsakiya. Ba ko'ina ba. Layi huɗu ne, a jere, kowane faɗin yatsa, a bushe ƙarau, babu ko ɗigon gam.

"Haladu, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, gam ne. Sallau ya tsinka shi."

Sallau mai dama gam, abokinsa ne tun suna samari, ya ajiye muciyarsa. "Ni? Shekara nawa kana cin arzikin damuna, yau ka ce na tsinka? Zo ka sa yatsa. Ko matarka ba ta dama koko haka."

Aka sa yatsa. Gam lafiyarsa ƙalau.

Haladu ya ce takarda ce ta sha danshi. Aka canza takarda. Layi huɗu. Ya ce rolar ce ta ci. Aka kwance ta, aka kai Kaduna aka goge, aka dawo da ita tana sheƙi. Layi huɗu. Ya ƙara zafi. Ya rage zafi. Ya rage gudu har injin yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Kwali ya yi ta fitowa da kyau, da kyau, har Haladu ya fara gyara gashin baki, sai kawai ga su nan. Huɗu. Su yi tsawon kamu ashirin, su ɓace. Bayan an jima su dawo.

Ya zagi injin. Ya lallashe shi. Wata rana har ya kai masa shuri, ya kwana uku yana ɗingishi yana cewa sanyi ne.

"Ni abin da ke ba ni mamaki," in ji Sallau, "gam ɗina ƙarewa yake da wuri. In ba ya kan takarda, ina yake zuwa? Ko sha kake yi?"

"Ka rabu da ni, Sallau."

"A'a, tambaya ce. Na ga kumatunka sun ciko."

Ranar Alhamis Manaja ya kira shi ofis. Bai ce ya zauna ba.

"Malam Haladu, na yi haƙuri. Asabar da safe zan tsaya a bakin wuƙa da kaina. In na ga layin nan ko sau ɗaya, akwai wani injiniya a Ikko da ya ce Litinin zai iya zuwa. Kai kuma ba zan kore ka ba, saboda shekarunka. Wajen ɗaure sharar takarda suna neman mutum."

Ɗaure shara! Haladu! Mutumin da in ya yi tari injin yake amsawa! Ya fito daga ofis ɗin bai ga hanya ba, har ya gaishe da mutum ɗaya sau biyu.

Washegari Juma'a. Sha biyu da rabi aka kashe janareto, kowa ya yi alwala ya kama hanyar masallaci. Sallau ya tsaya a ƙofa da darduma a kafaɗa.

"Ba za ka ba?"

"Ina zuwa. Ku yi gaba."

"Haladu, tsakar rana ce fa. Kuma Juma'a. Ko mai gadi ya tafi."

"Na ce ina zuwa."

Ba shi da niyyar zuwa. So yake ya samu injin shi kaɗai, ba mai kallo, ba mai dariya. Ya ɗauki tocila, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin rolar gam.

Shiru.

Kun san shirun wuri mai ƙara in ya yi shiru? Ya fi na daji nauyi. Kwanon rufi kawai ke ƙas, ƙas, saboda rana. Can baya na'urar ta buɗe, ya ji ruwa ya yi ruri a kwata, ya tsaya. Ya duba agogo. Ɗaya saura minti goma. Ya ci gaba da haska ƙarfe.

Ya daɗe a nan. Bai ga komai ba. Komai daidai.

Sai ya ji wani abu.

Caɓ.

Kamar an sa hannu a kwanon kunu.

Caɓ.

Ya juya kai a hankali. Ta ƙarƙashin injin yana hango daɓe. A kan daɓen akwai ƙafafu biyu. Na mace. Babu takalmi. Bakin zanenta a jiƙe, yana fitar da hayaƙi siriri.

Dugaduganta ne ke kallonsa. Ya ce a ransa, to, ta juya mini baya.

Sai ta sunkuyo.

Fuskar ta ɓangaren dugadugan ta sauko.

Tocilar ta faɗi a ƙirjinsa. Bai ɗauka ba.

Dattijuwa ce, baƙa, siririya. Idanunta ba sa ƙiftawa. Bakinta ya motsa. Babu sauti. Sai da ta rufe bakin, sannan muryar ta fito, daga cikin bututun da ke bayan kansa.

"Sannu da aiki."

"Yawwa," in ji Haladu. Muryarsa ta fito kamar ta ɗan akuya. "Sannu, Inna. Abinci aka kawo? Ai sun tafi masallaci."

"Na sani. Kai ba ka tafi ba."

"Yanzu nake shirin..."

"Fito."

Ya fito. Bai san yadda ya fito ba. Ya dai ga kansa a tsaye a gabanta.

Ba ta dube shi ba. Ta miƙa hannu cikin injin, ta ja yatsu huɗu a jikin rolar gam, daga sama har ƙasa. Layi huɗu suka fito a ƙarfen, a bushe. Ta kai hannun baya.

Goyo ne a bayanta. Abin da ke ciki yana wani kuka ƙasa-ƙasa, kamar buta ta fara tafasa. Ta sassauta majanyin. Haladu ya ga ɗan ƙaramin baya. Duk ya saluɓe. An shafe shi da farin sitaci, wani ya bushe, wani sabo.

"Yana sanyaya masa," in ji bututun. "Na uku ke nan. Biyu suna gida. Ba sa iya kwanciya."

Haladu ya nemi ayar da zai karanta. Duk wadda ya kamo sai ta zame.

"Ina tsohon?"

"Baba Nomau? Ai... Allah ya yi masa rasuwa."

"Mun sani. Mun je jana'iza." Ta gyara goyon. "Kai ba ka je ba."

Kwanon rufi ya yi ƙas.

"Tun kafin a kafa tubalin farko muke gindin tsamiyar nan. Aka sare, muka yi shiru. Aka jawo mana kwata ta tsakar gida, muka yi shiru. Abu ɗaya muka roƙa. Wa ya daina sallama?"

To, Haladu mutum ne mai kaifin basira, ko a bakin kabari ƙwaƙwalwarsa ba ta tsayawa. Ya haɗa hannu biyu.

"Inna, Manaja ne. Wallahi mutumin nan ba ya jin magana. Ni har cewa na yi, ranka ya daɗe, akwai bayin Allah a..."

Bakinta bai motsa ba. Amma bututun ya yi magana. Da muryarsa. Tasa ta kansa, har da dariyar.

"Zamani ya zo."

Ya ji ta tafi cikin ƙarfen, tana maimaituwa, tana nisa. Bai taɓa sanin dariyarsa tana da muni haka ba.

Sai ta kama wuyan hannunsa na dama. Sanyi. Ba irin na ƙanƙara ba, irin na ƙasan rijiya.

A gefensu rola biyu masu haƙoran nan suka motsa.

Babu wuta. Janareto a kashe. Amma suka juya. A hankali. Haƙori cikin haƙori. Har yanzu da zafinsu, yana jin hucin a fuskarsa. Ta ja hannun nasa wajen bakinsu, ba da ƙarfi ba, kamar uwa za ta wanke wa yaro hannu.

"Ka san zafi?"

"Inna, don Allah. Zan cire na'urar. Yau ɗin nan."

"Ka cire, ka bari. Ba ruwanmu."

"Zan sa ƙararrawa! Babba! Kafin ruwa ya zubo ta yi ta kaɗawa!"

"Ƙarfe ya ƙona mu, ƙarfe ya ba mu haƙuri?" Gashin bayan yatsunsa ya fara ƙauri. "Baki muke so. Na mutum."

"Na ji. Na yarda. Daga gobe..."

"Ƙarfe nawa?"

Ya karkata ido ga agogon da ke ɗaya hannun. Ɗaya da minti ashirin da takwas. Ya lissafa. Saura minti biyu na'urar ta sake buɗewa.

"Babbar 'yata tana wanki a kwatar," in ji bututun. "Yanzu haka."

"To ki kira ta mana! Ki ce ta tashi!"

"Ba aikina ba ne. Mai zubowa shi ke faɗa." Ta saki hannun. "In ta ƙone, wannan nawa ne."

Jama'a, an ce Haladu yana da tafiya ta isa. Ran nan ya ajiye ta. Ya zabura. Tsawon injin nan da yake alfahari da shi, ran nan ya tsine masa. Ya tsallake naɗin takarda, ya zame a kan gam, ya tashi. Takalmi ɗaya ya fita, bai waiwaya ba. Ya kai bango. Sifanar Baba Nomau tana nan a ƙusa, ta yi tsatsa. Ya fizge ta har da ƙusar. Ƙofar baya a sarƙe. Ya sa kafaɗa. Ta ƙi. Ya sake. Ta buɗe, rana ta mare shi.

Na'urar ta yi ƙit. Ƙaramin sautin da take yi kafin ta buɗe.

Ya faɗa kan bututun.

Ƙwang! Ƙwang! Ƙwang!

"A KAUCE! RUWAN ZAFI! A KAUCE, DON GIRMAN ALLAH!"

Babu kowa a kwatar. Gansakuka ce kawai da ledoji. Amma ya ji. Ya ji facal, kamar an fizge zane daga ruwa. Ya ji ƙarar awarwaro. Ya ji 'yan ƙafafu sun haye bakin kwatar da gudu, ciyawa ta kwanta ta tashi, har gindin kututturen.

Sannan ruwan ya zo, yana ruri, tururi ya rufe komai.

Da ya washe, Haladu yana zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Daga wajen kututturen wata 'yar murya ta yi dariya. Ba ta mugunta ba. Irin dariyar da yarinya ke yi in ta ga babban mutum ya faɗi.

Da ya koma ciki, rola sun tsaya. Ba kowa. Sawun ƙafa ne kawai a daɓe, jiƙaƙƙu, duk suna nuna ciki, kamar wadda ta shigo ba ta fita ba. Ya duba wuyan hannunsa. Layi huɗu, farare, kowane faɗin yatsa.

Asabar da safe Manaja ya tsaya a bakin wuƙa, hannu a baya. Injin ya tashi. Kwali ya fara zuba. Minti talatin da takwas, sai Haladu ya ji layin nan huɗu sun yi sanyi, sanyin ƙasan rijiya. Bai duba agogo ba. Ya ɗauki sifana ya fita da gudu. Duk masana'antar ta ji shi.

Har azahar ba layi ko ɗaya. Manaja ya ɓare kwali goma da hannunsa, takardar ta gwammace ta yage da ta rabu.

"Malam Haladu, me ka gyara?"

"Sirrin aiki ne, ranka ya daɗe." Ya gyara gashin baki. "Sai dai ina ganin na'urar can ta baya, gara a cire ta. A koma buɗewa da hannu, sau uku a rana kamar da."

"A cire? Ba kai ka hana ni barci wata uku a kanta ba? Har wurin ɗaurin auren ƙanwata ka bi ni. Tana nan daram."

To kun ji yadda duniya take saka wa gwani. Da, sau uku a rana ake sallamar nan. Yanzu duk minti arba'in. Yana cikin cin abinci, hannu ya yi sanyi, ya ajiye loma ya ruga. Yana cikin yi wa sababbin ma'aikata bayanin girmansa, ya katse ya ruga. Ya ce musu likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Sallau ya ce bai taɓa ganin likitan da ke rubuta ihu ba. Yau a Sharaɗa in ka tambayi Haladu ba wanda ya san shi. Sai ka ce A-Kauce. Mutumin da ya ceci kamfani guda! Ko hula ba su saya masa ba.

Amma injin yana hannunsa har gobe. Kuma bai sake fashin Juma'a ba, sahun farko ma.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In rana ta take tsaka, wuri ya yi shiru, kada wanda ya bi ta bayan tukunyar nan shi kaɗai. Kada wanda ya bi ta bakin kowace kwata. In kuwa kun hango dugadugan mutum, kada ku ɗauka baya ya juya muku.

Me kuke kallo? Hannun rigata? Saboda sauro na sake shi. Ni ina ruwana da kwali, ni da nake... Ke! Hansai! Tsaya da butar nan! Ina za ki zubar da ruwan zafin? A kwata? Haka kawai, ba ko magana?

Miƙo mini cokalin can. Ku yi shiru.

A kauce, ruwan zafi.

Jira. Jira tukuna.

To, yanzu zuba.

Kun ji? Ba ku ji komai ba? Madalla. Ku je ku kwanta.